Hular da Ke Kan Bunu

Surukata, mahaifiyar maigidana Kashim, sunanta Ya Kura. Amma in ka shigo unguwarmu a Kazaure kana neman gidan Ya Kura sai an ɗan tsaya tunani. Ka ce gidan 'Yar Soja mai turare, ko akuyar unguwa ta nuna maka ƙofa.

Turaren wuta take yi da humra, kuma ba don surukata ba ce, ban taɓa jin hannu irin nata ba. Takan jiƙa icen hawi da kajiji su kwana biyu suna shan turare, sannan ta ɗora kasko ta narka sukari ta soya. Ranar suya ba a yi mata magana. Ko gobara ce ta tashi a maƙwabta sai ta sauke kasko tukuna. Daga Roni da Gwiwa iyayen amare ke zuwa su zauna a tsakar gidanmu suna jiran ta ga damar kulawa da su, ita kuwa tana ta ba da umarni, kai a miƙe, kafaɗa a buɗe, kamar mai duba fareti. In aka ce ta cika faɗa sai ta ce jini ne, ubanta soja ne. Na shigo gidan ina amarya na tarar da wannan magana, na haifi 'ya'ya a cikinta, har ni ma na koyi faɗarta idan matan unguwa suka kawo mini ƙararta.

Uban nata sunansa Bunu. Daga wajen Borno ya zo fataucin fata da ƙiraga, ya ga Kazaure ta yi masa, ya zauna, ya auri wata 'yar Roni mai suna Dela. Da aka haifi yarinya ya sa mata sunan mahaifiyarsa, shi ya sa tun tana zanen goyo ake kiranta da sunan manya. Turaren ma a wajen wata yayar Bunu ta koya, wadda ta biyo shi Kazaure ta rasu a nan. Ya Kura tana tatata, a shekarar da aka fara yaƙin basasa, Bunu ya ce za shi Kano. Ya bar hotonsa guda ɗaya a hannun Dela, ya tafi, bai dawo ba. Dela ta ce soja ya shiga, yaƙi ya ci shi. Ba wanda ya zo daga bariki ya yi gaisuwa, ba a kawo ko takalminsa ba, amma a lokacin irin haka ta faru da gidaje da yawa, don haka ba wanda ya ja.

Mutum ɗaya ne ya zo da wani zance daban. Daudu, abokin fataucin Bunu ne, mutumin Babura, dillalin dabbobi. Bayan yaƙi ya ƙare da 'yan shekaru, Ya Kura ta yi wayo har tana ɗaukar tulu, Daudu ya zo ya zauna a zaure ya ce wa Dela ya ga Bunu da ransa a Magarya, can cikin Nijar. Ya Kura ce ta kawo masa ruwa. Dela ta karɓe kwanon daga hannunta ta kifar a ƙasa, ta ce wa Daudu kada ƙafarsa ta sake taka gidan. Tun daga ranar Ya Kura ta gaji wannan gaba, ta kuma riƙe ta da kyau. Ta yi aure, ta haihu, mijinta ya rasu, Dela ma ta rasu, gabar tana nan. Na taɓa ganin ta mayar da wata mata da ta zo sayen turaren biki tun daga Babura, don kawai a cikin hira ta ce ango jikan Daudu ne.

To zance dai biyu ne. Ko ubanta ya tafi yaƙi ya mutu, ko kuwa ya tsallake ya bar su ita da uwarta ya yi zamansa a wani gari. Hujjar Ya Kura kuma guda ɗaya ce tak, hular da ke kansa a hoton.

Hoton ƙarami ne, baƙi da fari, yana rataye a ɗakinta sama da gado. Bunu ne daga ƙirji zuwa sama, siriri, ya zare ido kamar an ce kada ya yi numfashi. Yana sanye da kwat mai manyan maɓallai. Hular kuwa mai faɗin baki ce kamar malafa, amma ta ƙyalle mai kauri, an lanƙwasa gefe ɗaya sama an maƙale. A jikin gefen da aka lanƙwasa akwai wani baƙin abu mai tsini. Wannan, in ji Ya Kura, lambar muƙaminsa ce.

Daminar bara kwanon ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya bi bango ya shiga bayan gilashin, ƙasan hoton ya yi dabbare-dabbare. Kashim ya ce a kai wa Jerry, mai shagon hoto a Kanti, yana gyara tsofaffin hotuna a kwamfuta, ya ƙara musu girma har ya sa musu launi. Ya Kura ta yarda, amma ta ce hoton ba zai fita gidan ba sai da ita. Kashim a Gwiwa yake aiki, a sakatariyar ƙaramar hukuma, kullum sammako yake yi. Saboda haka rakiya ta faɗo kaina. Muka shiga keke, ta rungume hoton cikin mayafi, tana ta yi wa mai keken faɗa a kan ramukan hanya kamar shi ya haƙa su.

Jerry mutum ne mai fara'a, haifaffen Kazaure, kakanninsa daga Filato suka zo. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta kujera, ya zare hoton daga gilashi a hankali ya sa a na'ura. Sai ga Bunu ya cika allon kwamfuta, ya fi yadda muka taɓa ganinsa girma. Ya Kura ta matso da kujera.

"Mama, fatarsa zan bi taki," in ji Jerry. "Hular fa, wane launi ce?"

"Launin soja mana."

"Ai sojoji kala-kala ne, Mama. Akwai kore, akwai ruwan ƙasa. In na gane lambar nan zan san wacce ce."

Ya jawo wajen baƙin abun ya ƙara masa girma. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Ni dai ban ga lamba ba, wani tabo na gani mai baki uku. Jerry ya ce bari ya kira Baba, shi ya san tsofaffin kayan nan.

Baba Nathaniel, mahaifin Jerry, shi ne mai shagon kafin idonsa ya yi rauni. Yanzu a bayan shagon yake wuni, ƙarƙashin darbejiya, da rediyo a cinya. Ya shigo yana dogara sanda, suka gaisa da Ya Kura, don sun san juna sama-sama, shi ya ɗauki hotunan bikinmu. Ya gyara tabarau ya kai fuskarsa dab da allon. Sai kawai na ga tsohon ya washe baki, irin murnar wanda ya haɗu da ɗan'uwa a tasha.

"Ikon Allah. Jerry, ka ga hular kakanka."

Na taka ƙafar Jerry a ƙarƙashin tebur, ya dube ni bai gane ba. Shi kuwa Baba ya riga ya yi nisa, daɗi ya ɗebe shi, bai san a kan me yake tsaye ba.

Ya ce mahaifinsa mai hoto ne na yawo. Yana da akwatin hoto mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da yake lulluɓa, suna bin kasuwanni, yau Roni, gobe Gwiwa, wata rana har Babura, shi Nathaniel yana saurayi yana ɗaukar kaya. A zamanin mutum ba ya son a ɗauke shi da rigar da ya zo cin kasuwa. Don haka kowane mai hoto yana yawo da kayan aro: kwat guda, agogon hannu da ba ya aiki, da hula. Ka zaɓa ka sa, a ɗauke ka, ka tuɓe ka ba na bayanka. Tasu hular wani wan mahaifinsa ne ya dawo da ita daga yaƙin Hitila, kuma ta fi komai farin jini, har layi ake yi mata.

"Kin ga wannan?" Ya ɗora yatsa a kan baƙin tabon. "Aikina ne. Dutsen guga na gawayi na ɗora a kanta na tafi kallon dambe. Ranar na sha duka, har yau in na tuna sai bayana ya amsa."

Ya yi dariya. Jerry ya fara tayawa, sai ya ga fuskata ya haɗiye.

Ya Kura ba ta motsa ba. Ta ce, "To ai ta soja ce ke nan."

"Ta soja ce ƙwarai, Hajiya. Amma sojan wancan yaƙin, na Turawa. Lokacin basasa ba irinta ake sawa ba."

"Waɗanda za su shiga soja fa? Ba sa zuwa su sa ta kafin su tafi?"

A nan ne tsohon ya dube ta sosai, dariyar ta bar fuskarsa. Ya nemi kujera ya zauna.

"Wane ne wannan a wajenki?"

"Ubana."

Na san yana neman abin da zai ba ta ne, kuma na so ya yi mata ƙarya, wallahi na so. Bai yi ba. Ya ce wataƙila akwai masu yin haka, ba zai rantse babu ba. Amma waɗanda ya sani sun shiga soja, daga bariki suke aiko hoto da kakinsu da hularsu ta kansu.

"Ban ce mahaifinki bai shiga soja ba," in ji shi. "Ban san shi ba, mutane da yawa sun wuce ta gaban akwatin nan. Abin da na sani, hular ba tasa ba ce. Kwat ɗin ma tamu ce."

Ta ce tana son ta gani da idonta. Ya sa Jerry ya ɗauko wani tsohon gwangwanin biskit daga saman kanta, cike da hotunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Ya riƙa zarowa yana jerawa a tebur. Ga wani ƙato mai tsage, ya ce mahauci ne a Roni. Ga wani mai shayi. Ga wani dattijo da hular ta faɗa masa har kunne. Duk da hula ɗaya, duk da tabo ɗaya a gefe ɗaya, kowa ya zare ido kamar Bunu. Ya Kura ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kallo. Sannan ta ce wa Jerry ya ba ta hotonta, ta fasa gyaran. Ta yi wa Baba Nathaniel godiya yadda ya kamata, ta ce a gaida mutan gida, muka fito.

A hanyar dawowa ba ta kula ramuka ba. Ni kuwa haushi ya cika ni, na rasa wanda zan ɗora wa. Tsohon bai yi laifi ba, Jerry bai yi ba. A ƙarshe Kashim na sauke wa da ya dawo, na ce shi da iyayinsa na sa wa hoto launi, wa ya aike shi. Ya shiga wajenta yana lallashi, ya ce Ya Kura ai an ce hular ta soja ce, a bar maganar haka nan. Ta ce masa, "Kai ka ga gawar ubanka. Tashi ka ba ni wuri."

Kwana biyu ta ci gaba da harkokinta. Hoton ba ta mayar bango ba, ba ta kuma ɓoye shi ba, yana kan akwatinta a kife. Ranar suya ta zo ta ɗora kasko, sukari ya narke ya wuce, ya yi baƙi, hayaƙi mai ɗaci ya cika gida tana zaune tana kallonsa. Tun da na shigo gidan ban taɓa ganin turare ya ƙone a hannunta ba. Na sauke kaskon, ba ta yi mini faɗa ba, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Da na gama kankare kaskon ta kira ni. "Sa'adiyya, gobe ki shirya ki raka ni Babura. Mutumin nan, Daudu, ya tsufa. In ya mutu ba wanda zan tambaya."

Muka shiga bas da safe, a matse tsakanin buhunan gero da wasu mutanen Nijar da ke komawa gida. Gidan Daudu ba ya ɓata a Babura, 'ya'yansa ne ke riƙe da kara, kasuwar dabbobi, yanzu. Muka same shi a zaure a kan buzu, ya rame, idonsa ya yi fari, carbi a hannu. Ya Kura ta cire takalmi tun daga waje. Matar da ban taɓa ganin ta rusuna wa kowa ba ta durƙusa har ƙasa.

"Baffa, ina wuni."

"Lafiya lau. Wace ce?"

"Ya Kura ce, ta Dela. Daga Kazaure."

Carbin ya tsaya. Ya juyo da fuskarsa wajen muryar.

"'Yar Bunu," in ji shi. "Ke ce kika kawo mini ruwa."

"Ni ce. Baffa, na zo ka faɗa mini abin da ka faɗa wa Inna. A lokacin ban ji da kyau ba."

Ya faɗa mata, ba ƙari ba ragi. Ya kai shanu Magarya, ya shiga rumfar masu kanwa, sai ga Bunu a zaune yana awo. Ya yi ƙiba. Ya yi aure a can, har da 'ya'ya. Soja kuwa ko ƙofar bariki bai taɓa zuwa ba, shi da bakinsa ya faɗa. Daudu ya tambaye shi me ya sa ya tafi, ya ce haka Allah ya so, bai ƙara ba. Bunu ya rasu da daɗewa, a can aka binne shi. 'Ya'yansa suna nan, in tana so za a iya haɗa su.

Ta girgiza kai, ta manta ba ya gani. Ta ce, "Ba wannan ya kawo ni ba. Da ka gan shi, ya tambaye mu?"

Daudu ya ja carbi ɗaya, ya ja biyu.

"Ya ce kada in faɗa wa kowa na gan shi."

"Ban da wannan?"

"Ban da wannan bai ce komai ba. Ya sayo mini fura, muka sha, na tafi."

Na ji kamar in tashi in fita. Ita kuwa ta gyaɗa kai kawai, kamar an faɗa mata farashin kajiji. Ta ce masa ya yafe mata, ta riƙe shi a rai shekara da shekaru a kan gaskiyarsa. Ya ce ba komai, yarinya ce ke a lokacin, abin da aka ba ki kika riƙe. Har mun yunƙura za mu tashi ya sake magana.

"Uwarki ta san ban yi ƙarya ba. Bayan ta kore ni, da damina ta zagayo, ta aiko wata tsohuwa a ɓoye ta tambaye ni ko yana cikin ƙoshin lafiya, ko matar tana kula da shi. Ta ce kada ke ki ji."

Ya Kura ta koma ta zauna. Ta dafa ƙasa da hannu biyu. A nan ne na ga idonta ya kawo ruwa, ba a kan maganar Bunu ba. Dela ta yi shekaru tana kallon hoton nan a bango, ta san abin da ta sani, kullum tana ce wa yarinyarta ubanki soja ne, ɗaga kanki. Ni da ban taɓa ganin Dela ba sai da na ji ƙaunarta ta kama ni.

Mutan gidan suka kawo abinci, ta ci loma biyu don kada a ce ta ƙi. Muka kamo hanya, muka iso Kazaure rana tana faɗawa bayan duwatsu. Ta yi alwala ta shimfiɗa darduma a ƙofar ɗakinta. Al'adarta ce bayan kowace magariba ta ɗaga hannu ta yi wa iyayenta addu'a a fili, kuma da uban take farawa: Allah ya jiƙan Bunu, ya karɓi shahadarsa. Yaran gidan duk sun haddace.

Ina bakin murhu ina kwashe tuwo, kunnena yana wajenta. Ta fara da Dela. Ta daɗe a kanta, tana roƙa mata abubuwan da ban taɓa jin ta roƙa ba, Allah ya saka mata, Allah ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta rufa wa 'yarta asiri. Sai ta yi shiru, hannuwan suna sama. Na tsaya da mara a hannu ina jira, tuwon yana hucewa. Har na zaci ta gama ne ta manta ba ta shafa ba.

Can ta ce, a hankali, "Shi ma."

Ta shafa, ta naɗe darduma. Ba ta kira sunansa ba.